Dabino da danginsa a ƙasar sanyi: wanne ke jurewa, wanne ke ba da 'ya'ya

Dangin dabino, wato itatuwa irin su dabino, giginya, goruba, kwakwa, kwakwar manja, tukurwa da kajinjiri, sun haura iri 2,500 a duniya, kuma mafi yawansu 'yan ƙasar zafi ne. Kaɗan ne daga cikinsu ke iya zama inda ruwa ke daskarewa da dare. Waɗannan 'yan kaɗan su ake gani a lambunan Ingila, Suwizalan da arewacin Italiya, har a ɗauki hotonsu ƙanƙara ta lulluɓe musu ganye. Irin hoton nan ne mai sayar da dashe zai nuna wa manomin Jos ko na Gembu a waya, ya ce masa ai a ƙasar Turawa ma yana yi, balle nan. To kafin manomi ko ƙungiya su zuba kuɗi, tambaya biyu ce a gabansu, kuma dole a raba su. Itacen zai rayu? In ya rayu, zai ba da abin kaiwa kasuwa? Amsar ta farko galibi e ce. Ta biyun ce ke cinye jarin mutane.

Yadda sanyi ke kama su

Dangin dabino sun fi kusa da dawa da gero a tsarin halitta fiye da mangwaro ko darbejiya. Ba su da ɓawon da ke warkar da rauni, kuma a mafi yawansu kowane gangar jiki wuri ɗaya tak yake da shi da ke fitar da sabon ganye, can a tsakiyar kai, wanda za mu kira zuciya. Mangwaro in sanyi ko wuta ta ƙone masa reshe sai ya tofo ta wani gefen. Giginya kuwa in zuciyarta ta mutu, shi ke nan, sai dai a yi azara da ita. Duk wata dabarar kariya da za a yi magana a kai a ƙasa, wannan zuciyar ake karewa.

Sanyin da ke cutar da su iri biyu ne. Akwai na daskarewa, lokacin da ma'auni ya sauka ƙasa da sifili, ruwan da ke cikin ganye ya zama ƙanƙara ya farfasa naman ganyen, bayan 'yan kwanaki a ga ya yi ruwan ƙasa kamar an babbaka. Akwai kuma sanyin da bai kai ga daskarewa ba amma ya fi ƙarfin itacen, kamar digiri 8 ko 10 dare bayan dare. Wannan ba ya ƙona ganye nan take. Tsayar da girma yake yi, saiwa ta daina jan taki, ganye ya yi rawaya, fure ya ƙi fitowa. A ƙasashenmu na biyun nan ne babbar matsala.

Lambar da ake rubutawa cewa iri kaza yana jure digiri kaza ƙasa da sifili, babban itace ake nufi, wanda ya kafu shekaru, kuma na dare ɗaya ko biyu. Ƙaramin dashe bai kai wannan juriyar ba. Sannan busasshen ɗari ya fi jiƙaƙƙen sanyi sauƙi nesa ba kusa ba: dabinon da ya kwana cikin ɗarin Sahara lafiya lau zai iya ruɓewa a sanyin da bai kai wannan ba, in ruwa ya kwanta masa a zuciya.

Irin da suka yi suna wajen juriya

Wanda ya fi kowanne yaɗuwa a ƙasashen sanyi shi ne Trachycarpus fortunei, ɗan asalin duwatsun ƙasar Sin. Ganyensa faffaɗa ne kamar mafici, irin na giginya amma ƙarami, jikinsa kuma a naɗe yake da baƙin zare mai kama da buhun algarara. Babbansa yana jure kusan digiri 15 ƙasa da sifili. A Sin da Japan an daɗe ana yin igiya, tsintsiya, buroshi da rigar ruwa da zaren nan. Sunansa ya samo asali daga Robert Fortune, ɗan Sikotilan da ya kai shi Birtaniya a tsakiyar ƙarni na 19. 'Ya'yansa ba na ci ba ne. Yana son ƙasa mai laima da sanyi-sanyi, iska mai ƙarfi na yayyaga masa ganye, kuma ba ya jin daɗin zafi irin na Sakkwato ko Maiduguri. A yankin Ticino na kudancin Suwizalan ya ji daɗin wurin har ya tsallake lambuna ya shiga daji, tsuntsaye na yaɗa irinsa, yana danne itatuwan asali. Shi ya sa daga watan Satumba na 2024 gwamnatin ƙasar ta hana sayar da shi. Wanda ke tunanin shigo da baƙon itace kusa da kurmin Mambila ya riƙe wannan labarin.

Chamaerops humilis gajere ne mai fitar da 'ya'ya da yawa a gindi, yana fitowa da kansa a Sifen, Italiya, Maroko da Aljeriya, har kan duwatsun Atlas. Yana jure kusan digiri 10 ƙasa da sifili, yana jure fari, kuma da yake jikinsa ba ɗaya ba ne, in wani ya mutu wani ya tashi. Ganyensa ake saƙa tabarma, kwando da tsintsiya da shi, aikin da kaba ke yi mana. Haka ma mazari na Afganistan, Pakistan da Iran.

Masu 'ya'yan ci a cikin masu juriya ba su da yawa. Butia na kudancin Barazil da Yurugwai yana ba da 'ya'ya rawaya masu tsami-tsami da ake dafawa da sukari, kuma yana jure kusan digiri 10 ƙasa da sifili. Jubaea na ƙasar Chile yana da kaurin jiki na ban mamaki da 'yan ƙananan ƙwallaye masu ɗanɗanon kwakwa, sai dai shekaru gommai yake yi kafin ya fara haihuwa, wanda ya dasa ba lalle ya ci ba. A duwatsun Andes akwai Parajubaea, wanda ake gani a titunan Quito, babban birnin Ekwado, a tsayin da ya kai mita 2,800. Shi ne yanayinsa ya fi kama da tsaunukan ƙasashen zafi: rana mai ɗumi, dare mai sanyi, babu lokacin ƙanƙara mai tsawo.

Sai na ado zalla: Washingtonia daga arewa maso yammacin Meziko da Kalifoniya, mai saurin tsiro da saurin tsayi, da dabinon tsibiran Kanari, Phoenix canariensis, mai katon kai. Duka biyun suna jure 'yan digirori ƙasa da sifili.

Dabino: jure sanyi daban, nunar 'ya'ya daban

Dabinon da muke ci yana cikin masu juriya, abin da mutane da yawa ba su sani ba. A Bilma, da kwaruruwan duwatsun Ayar irin su Timiya da Iferwan, daren Janairu kan yi ɗarin da ke kusantar sifili, wani lokaci ma ruwa ya daskare, kuma dabino na nan yana haihuwa shekara da shekaru. Babban itace yana wuce digiri 5 ƙasa da sifili na ɗan lokaci ba tare da wata babbar illa ba. Saboda haka sanyin Jos ba zai kashe dabino ba.

Abin da dabino ke nema shi ne zafi mai yawa na tsawon watanni, da busasshiyar iska. Girmansa na tsayawa in ma'auni ya sauka wajen digiri 7, yana fara fure in ya haura 18, kuma ya fi sakin jiki a wajen 32. Daga barbarar fure zuwa nuna wata shida ne zuwa bakwai. Masana na lissafa zafin da 'ya'yan ke buƙata kamar yadda ake tara kuɗi a asusu: kowace rana a ɗauki matsakaicin zafinta a cire 18, abin da ya rage shi ne ajiyar ranar. A Agadas, inda matsakaicin zafin Mayu da Yuni ke haura 33, rana ɗaya na tara wajen 15. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, matsakaicin zafi na yawo tsakanin 20 da 25 duk shekara, wato ajiyar rana ba ta cika wuce 4 ko 5 ba. Kun ga asusun ba zai cika da wuri ba. 'Ya'yan sai su tsaya a matakin rawaya mai bauri, su ƙi yin laushi da zaƙi.

Ga kuma ruwan sama. Furen da aka yi wa barbara a Janairu ko Fabrairu zai zo nuna a Yuli da Agusta, daidai lokacin da damina ta kankama a Filato, inda ruwan shekara ke haura milimita 1,300. Dabinon da ke gab da nuna in ruwa ya dake shi tsagewa yake yi, ya yi tsami, ya zube. A Mambila, da ta fi Jos tsayi da ruwa da hazo, abin ya fi haka muni.

Ko a Turai misalin na nan. Garin Elche na Sifen yana da gonar dabino mafi girma a nahiyar, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Itatuwan sun yi ɗaruruwan shekaru a wurin, amma zafin bazararsu bai cika isa ba, shi ya sa tun da can manoman ke tsinke wani kaso na 'ya'yan kafin su gama nuna su ƙarasa nunar da su a gida, har da yayyafa ruwan khal. Can Ingila kuwa dabino in ya rayu ma ado ne kawai.

Ra'ayinmu a nan a fili yake: gonar dabino ta kasuwanci ba ta tsaunin Filato ko Mambila ba ce. Wurinta Jigawa, Yobe, arewacin Borno, Katsina, Sakkwato da makamantansu, kuma a Dutse ne cibiyar NIFOR ke da tasharta ta binciken dabino. Mai son itace biyu ko uku a ƙofar gida a Jos don sha'awa, babu laifi. Ƙungiyar da za ta ci bashi ta dasa hekta biyar kuwa ta sake tunani, domin dabinon da aka dasa daga 'ya'yan gindi sai ya yi shekara huɗu zuwa biyar kafin a ga nononsa na farko, na ƙwallo ya fi haka daɗewa, kuma kusan rabin na ƙwallo maza ne da ba sa haihuwa. Wato sai bayan shekara biyar ko fiye za a gane an yi asara.

Akwai ɗan'uwan dabino da tsaunukan suka karɓa tun asali, shi ne kajinjiri, wanda ke fitowa a bakin rafuka. 'Ya'yansa ƙanana ne, nama kaɗan, amma ganyensa na saƙa ne mai kyau, yana riƙe gaɓar rafi, kuma masu gyaran harabar gidaje na sayensa.

Kwakwa da kwakwar manja

Kwakwa ita ce mafi raki. Tana son matsakaicin zafi na wajen digiri 27 da iska mai laima, kuma sanyin hunturu na tsauni na hana ta haihuwar kirki. Kada a wahalar da kai.

Kwakwar manja tana da ɗan labari. Ta fi son digiri 24 zuwa 28, ƙananan dashenta kuma na daina girma a wajen 15. Sai dai a tsaunukan Bamenda na Kamaru da yankin Kigoma na Tanzaniya akwai irin da suka saba da tudu, kuma masu kiwon iri sun yi aure tsakaninsu da irin masu yawan mai, aka samu waɗanda aka gwada a tuddan gabashin Afirka, har da yammacin Kenya. Wanda ke gangaren tsauni mai isasshen ruwa, kamar kudancin Taraba ko kudancin Kaduna, yana iya tambayar malamin gona ko NIFOR irin da ya dace da tsayin wurinsa. Ya tuna kuma cewa doguwar rani na rage amfanin kwakwar manja ko da sanyi bai taɓa ta ba.

Zaɓen wuri a cikin gona

A nan ne manomi ke da iko sosai, domin a gona ɗaya ana samun bambancin digiri uku ko huɗu tsakanin wannan kusurwa da waccan. Zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowane hawan mita 1,000, wannan ba yadda za a yi da shi. Amma iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, da dare gangarawa take yi kamar ruwa ta taru a kwari. Shi ya sa fadama da gindin tudu suka fi tsakiyar gangare sanyi da asuba, abin da duk mai noman rani ya sani a jikinsa. Daren da sama ta yi garau, babu gajimare babu iska, shi ne mafi hatsari, domin ƙasa na sakin zafinta ba abin da zai tare. A irin wannan dare ganyen da ke dab da ƙasa zai iya fin abin da ma'aunin tashar yanayi ya nuna sanyi da 'yan digirori, tunda ita tashar a tsayin ƙirjin mutum take aunawa.

Don haka a dasa a tsakiyar gangare. A Turai suna dasawa a kudancin bango, domin ya sha rana da yini ya saki ɗumi da dare. Dabarar na aiki a nan ma: a Disamba da Janairu rana na karkata kudu, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka kudu ko kudu maso yammacin bango, dutse ko layin itatuwa ya fi ɗumi. In za a yi shingen tare iska, a yi shi ta arewa maso gabas, a bar ƙasan gangare a buɗe. Shinge mai kauri a ƙasan gona madatsa ce, tara sanyi yake yi a kan dashen. Itacen turare kuma a nisanta shi, shan ruwansa ya yi yawa.

Ƙasa ta zama mai tsanewa. Laka mai riƙe ruwa tare da sanyi ita ce ke ruɓar da saiwa. In ƙasar mai nauyi ce, a tayar da tudu kamar na doya amma mai faɗi, a gauraya da yashi da ruɓaɓɓen taki, a dasa a kai.

Kafin a sayi dashe ko ɗaya, ƙungiya ta sayi ma'aunin zafi mai riƙe lambar mafi ƙasa da mafi sama, kuɗinsa bai kai na buhun taki ba. A rataye shi a inuwa a inda ake son dasawa, yaro ɗaya ya riƙa rubuta lambar kowace safiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Littafin nan ya fi bakin kowane dillali gaskiya.

Dasawa da shekaru ukun farko

Lokacin dasawa shi ne farkon lokacin ɗumi, domin saiwa ta samu watanni tana kamawa kafin sanyi. A Turai ƙarshen bazararsu ke nan, wajen Mayu. A tsaunukanmu farkon damina ne, da zarar ruwa ya zauna. Dashen Oktoba ko Nuwamba shiga hunturu yake yi ba saiwa.

A haƙa rami mai faɗi, a dasa daidai zurfin da itacen yake a leda. Kada ƙasa ko ruwan ban-ruwa su kai ga zuciya. A rufe gindi da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi kaurin tafin hannu, a bar ɗan fili tsakaninta da jikin itacen saboda gara da ruɓa. Dashe babba ya fi ƙarami jure sanyi, don haka wanda ya shuka daga ƙwallo gara ya rene shi shekara biyu a leda ko tukunya a wuri mai kariya kafin ya fitar da shi fili.

Taki mai yawan naitirojin, irin su yuriya, a ba shi a farko da tsakiyar damina, a dakatar wata biyu kafin sanyi, domin sabon ganye mai taushi shi sanyi ke fara ci. Dangin dabino na yawan fama da ƙarancin fotash da maganiziyam, alamarsa ɗigo-ɗigon rawaya da bushewar baki a tsofaffin ganyaye, kuma itacen da ke cikin wannan hali ya fi saurin jin sanyi. Tokar murhu kaɗan tare da takin gargajiya na taimakawa.

In ana sa ran dare mai tsanani, a ba ƙasa ruwa da rana, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe ɗumi, amma kada a jiƙa kan itacen. A tattara ganyen ƙaramin dashe sama a ɗaure sako-sako, a kewaye shi da zana, asabari ko buhun algarara. Leda ba ta da kyau in ta taɓa ganye: sanyi na ratsa ta, kuma tana tara gumi, da rana ta dafa itacen. A inda sanyi ke zuwa da ruwa, kamar Ingila ko Mambila, ɗan rufi a sama da zai hana ruwa shiga zuciya ya fi naɗe jiki amfani. Da gari ya yi ɗumi a kwance.

In sanyi ya riga ya yi ɓarna

Kada a yi gaggawar sare ganyen da ya ƙone. Yana kare zuciya daga sanyin da ke tafe, kuma duk inda ya rage kore yana ciyar da itacen. A bari sai sanyi ya wuce gaba ɗaya. Bayan mako biyu ko uku a kama sabon ganyen tsakiya, wanda bai buɗe ba, a ja shi a hankali. In ya tsaya daram, itacen zai farfaɗo. In ya zare, gindinsa ya yi laushi yana wari, ruɓa ta shiga, amma ba lalle zuciyar ta mutu ba. A zare duk abin da ya ruɓe, a tsane ruwan ramin, a zuba maganin ruɓa mai sinadarin jan ƙarfe bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinsa, a kare ramin daga ruwan sama. Daga nan sai haƙuri, domin wani itacen sai ya yi wata shida kafin ya turo sabon ganye, kuma na farkon kan fito a murɗe, gajere. Kada a tuge kafin damina ɗaya ta wuce.

Ina kuɗin yake, kuma daga ina za a sayi iri

Ga manomin tsauni, kasuwar da ta fi tabbas a wannan fanni ita ce ta dashen ado. Otal-otal, makarantu, gidajen gwamnati da sababbin unguwanni a Abuja, Jos da Kaduna na sayen dangin dabino, kuma farashi na ƙaruwa da tsayin itace. Washingtonia na tsirowa cikin 'yan makonni, Trachycarpus wata biyu zuwa uku in ƙwallon sabo ne, Butia da Jubaea kuwa sukan yi watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. A fara da itace goma ko ashirin na kowane iri, a ga yadda za su yi hunturu biyu, kafin a faɗaɗa. A kuma tambayi inda mai saye zai kai shi: itacen da ke son sanyin Jos zai iya ƙonewa a zafin Abuja na watan Maris, mai saye ya dawo da ƙorafi.

Wajen shigo da iri daga waje, ƙwallo ya fi dashe mai rai aminci. Jan ƙwaron nan mai huda jikin dabino ya taso ne daga kudancin Asiya, ya shiga ƙasashen Larabawa na Gulf a shekarun 1980, ya kai Masar da Sifen a shekarun 1990, kuma a cikin jikin dashen da ake fatauci ya yi tafiyar. Tsutsarsa na cin itace ta ciki, ba a ganewa sai kai ya faɗi, kuma dabinon Kanari ya fi so. Cutar bayud ma, wadda ta kashe miliyoyin dabino a Maroko da Aljeriya, ta 'ya'yan gindi da ƙasar da ke manne da saiwa take yaɗuwa. A Najeriya duk mai son shigo da iri ko dashe sai ya nemi izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona, kuma dashen da aka tsallako da shi iyaka a bayan mota ba takarda, komai arharsa, kada ya shiga gonar ƙungiya.